Sawun Beyar a Bayan Gidan Gavrilă

Karo na uku ke nan da tsoho Gavrilă ya buga waya ofis ya ce beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai son zuma, ta sake faɗa wa amyoyinsa, kuma Smaranda ta san abin da uku ke nufi. A wannan yanki idan ƙara ta kai uku daga gida ɗaya, sai a ba maharba takardar izinin harbe dabbar.

Shekara tara ke nan jami'a na tura ta ƙauyukan kan dutse, tana koya wa makiyaya da masu zuma yadda za su zauna da namun daji ba tare da an zubar da jini ba. Beyar ɗaya ce a kwarin, mace, mutane na ce mata Gwaggo. Smaranda ce ta maƙala mata alama a kunne tun tana ƙarama, ga shi bana ta fito da 'ya'ya biyu. Ba ta taɓa ko kaza ba sai wannan bazara.

A duk gidajen kwarin babu wanda Smaranda ta ƙi jinin zuwa kamar na Gavrilă. Kowa ya san taurin kansa ne ya ci matarsa, don ya hana a kai ta asibiti sai da bakin alƙalami ya bushe. Wasu sun yafe masa. Smaranda ba ta cikinsu.

Zuwan farko ta kewaye masa amyoyin da wayar lantarki, ta tafi ba ta zauna ba. Zuwa na biyu ta tarar wayar a cire, ya ce wai ƙudan zuma ba sa son ƙararta. Ta faki idonsa ta ɗaure ƙaramar kyamara a reshen itacen da ke bayan gida, ta kama hanya.

Yau kuwa tun daga nesa ta hango shi a bakin ƙofa, sanye da farar rigar zuwa coci, ranar Talata. Toader, shugaban maharban ƙauyen, ya riga ta isowa.

"Malama ta iso," in ji Toader. "To, ga aikin 'yar lelenki. Ko yau ma iska za ki ce?"

Amya huɗu a kife, zuma na tsiyaya cikin ciyawa, saƙar zuman nan ba a ci ko loma ba. Sawu kuwa ga shi raɗau a taɓo, na ƙafar gaba ta dama, guda shida reras. Smaranda wadda kan yi rabin yini a durƙushe kan sawu ɗaya, yau minti biyu ta yi, daga bakin shinge. Idon tsohon na kanta, ita kuwa alla-alla take ta bar wurin.

"Shigo mana," in ji Gavrilă. "Na tuƙa tuwon masara, ga cuku na tumaki. Yana hucewa."

Ƙofar a buɗe take. Ta hango teburi da faranti biyu, da ƙusar saman ƙofa wadda yau babu komai a jikinta.

"Aiki ya kawo ni," ta ce.

"Ai na sani. Mutum ba ya ci in yana aiki?"

"Ina da wasu gidajen."

Ta ɗora takardar a kan motarta ta sa hannu. Ta tuna da kyamarar, amma zuwa bayan gidan sai an ratsa ta tsakar gida, an wuce teburin nan. Ta ce a ranta wata rana.

Gavrilă ya matso. "Wannan takardar ta mece ce? Ta sake zuwa dubawa?"

Toader ya yi dariya. "Dubawa ta ƙare, Baba. Yanzu namu ne."

Tsohon ya juyo wajen Smaranda. Ta ja mota.

Ranar Juma'a aka harbe Gwaggo a bakin rafi. 'Ya'yan suka watse cikin daji, aka yi kwana uku ana nema ba a gan su ba, kuma kowa ya san ba za su kai lokacin sanyi ba. Smaranda ce ta cire alamar kunnen da hannunta. Ta yi kuka a gaban maharba, ba ta ji kunyar kowa ba.

Ranar Lahadi ta bari sai da ƙararrawar coci ta kaɗa, lokacin da ta tabbata ba ya gida, sannan ta je ɗaukar kyamararta. Mabuɗin shingen na nan ƙarƙashin tukunyar fure, inda yake tun tana yarinya. Ta kwance kyamarar, ta tsaya nan gindin itacen ta kunna, don ta ƙara ganin Gwaggo da rai ko sau ɗaya.

Bidiyon safiyar Talata ne, rana ta fara fitowa. Babu beyar. Gavrilă ne ya shigo yana ɗingishi, riƙe da busasshen dagin beyar da ya shekara arba'in rataye a saman ƙofarsa. Ya durƙusa da ƙyar ya danna shi a taɓo sau shida. Sannan ya tafi wurin amyar farko, wadda matarsa ta yi wa fenti shuɗi, ya dafa ta, ya sunkuya yana yi wa ƙudan magana kamar yadda masu zuma ke yi idan an yi rashi a gida.

"Ku yi haƙuri," in ji shi, kafin ya ture ta. "'Yata ba ta zuwa gida sai in aiki ya kawo ta."