Ƙoƙon Yaye

Tunda kin tambaye ni yaushe ake raba yaro da kofin nan mai murfi da bakin tsotso, to gyara zama in ba ki misali.

An yi wata tela a birni, mace mai hannu, wadda ɗakinta ba ya rabo da atamfofi da lesukan mutane. Tana da ɗa guda mai ƙiriniya. Wata rana ya kifar da kunu a kan leshin wata amarya ana saura kwana biyu biki, uwar ta sha kunyar da ba ta taɓa sha ba. Washegari ta sayo masa kofin tsotso. Kai, ta samu lafiya! A jefar da shi, a kifa shi, ko ɗigo ba ya zuba. Ruwa a ciki, kunu a ciki, shayi a ciki, yaro ya yini da shi a baki, ita kuma tana taka kekenta hankali kwance. Tafi-tafi har ya zama in an miƙa masa moɗa sai ya datse baki, in an matsa masa ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Sai ta ce ai yaro ne, in ya girma zai iya. Mu iyaye mun ƙware a wannan magana, musamman in ta zo daidai da hutunmu.

Da ya doshi shekara biyu lokacin yaye ya yi, ta kai shi ƙauye wurin mahaifiyarta kamar yadda aka saba, ta haɗa da kofin da dogon bayani kan yadda ake wanke shi. Tsohuwa ta juya kofin, ta leƙa bakinsa. 'Yarta na ba da baya ta rataye shi a ƙusa, ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo da bai fi tafin hannu ba. Kullum da hantsi sai ta zaunar da jikan a ƙasa gindin dalbejiya, ta zuba ruwa ko kunu kurɓi biyu kacal, ta tallafi gindin ƙoƙon da yatsa ɗaya. Ranar farko ya yi jifa da shi. Rana ta biyu ya yi wanka da shi. Ya yi kuka, ya yi birgima, kaji suka samu rabonsu na kunu, tsohuwa kuwa sai tsokanarsa take yi, wai ita ba ta zama da mijin da bai iya shan ruwa ba. Bayan mako biyu uwar ta zo ɗaukarsa, ta tarar da rigunansa duk shatin kunu, kofinta kuma na rataye har gizo ya yi saƙa a kai. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ba ta iya yi wa uwa musu ba, amma ta sauke kofin ta wanke, ta cika shi da ruwa, ta yi sallama a daƙile, ko tsayawa ta ga abin da yaron ya koya ba ta yi ba.

Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Tsakanin gari da gari motarsu ta mutu a dokar daji. Fasinjoji suka sauko turi, garin saukowa kofin ya suɓuce daga hannun yaron ya gangara ƙarƙashi, da aka tura motar taya ta bi ta kan kofin, ruwan ya bi ƙasa. Mota kuwa ta ce ba inda za ta. Tun hantsi har azahar ta gota suna nan, ɗan ruwan da wasu suka riƙo ya daɗe da ƙarewa. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe, daga nan ya yi shiru, leɓe ya bushe, wuya ya langaɓe, kuma shirun nan ya fi kukan tayar mata da hankali. Can sai ga wata mata da tulu a ka, za ta kai wa mijinta ruwa wurin sharar gona. Ta sauke, ta tsiyaya a 'yar ƙwarya, ta miƙo. Gaban tela ya faɗi, don ta san ɗanta: ga ruwa ga ƙishi, amma zai datse baki, in ta ɗura masa ya ƙware, jikin nan kuwa ba shi da sauran ƙarfin tari. Haka nan ta kai masa ƙwaryar. Yaron ya buɗe ido, ya sa hannu bibbiyu ya tallafe ta, ya sunkuya ya kurɓa, ya tsaya ya numfasa, ya sake kurɓa, kamar dattijo a kan furarsa. Sai da ya ga gindin ƙwaryar, sannan ya miƙa a ƙaro.

Tela ta zauna dirshan a ƙasa tana hawaye, tana gode wa Allah, tana gode wa mai tulu, har matar ta rasa irin wannan godiya a kan ruwa. Mai tulun ba ta san rabin godiyar ta wata tsohuwa ce da aka baro a ƙauye ko sallamar kirki ba a yi mata ba. Da motoci suka fara wucewa, tela ba ta nufi birni ba. Ta tsallaka titi ta tari mai komawa, ta je ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Inna, ki yafe mini. Allah ya saka miki da Aljanna."

To kin ji. Kofin ba laifi ba ne, ya yi amfaninsa lokacin da hannu bai yi ƙwari ba. Amma da yaro ya tashi da ƙafarsa, kafin yaye ya cim masa, a ba shi ƙoƙo, a bar shi ya jiƙa riga a tsakar gida, inda jiƙewar ba ta wuce wanki. Hausawa dai sun gama magana tun tuni: ba a fafe gora ranar tafiya.