Muciyar da ta kuɓuce wa Abba

Wani hutun summer ina ƙarama, Abba ya ɗauke ni daga gidanmu na Old Trafford zuwa wani ƙauye a bayan Manchester, inda Italiyawa ke bikin abincin kakanninsu manoma. Polenta suke kiransa. Da na leƙa ƙatuwar tukunyar tagullar, sai na ga ashe tuwon masara ne, yana ta huci.

Al'adarsu ce duk baƙon da ya zo sai ya tuƙa. Wani tsoho ya miƙa wa Abba muciya, doguwa kamar taɓarya. Abba ya naɗe hannun riga, ya kama ta da dama, hannun da yake yi wa mutane tiyata da shi.

Bai yi juyi ɗaya cikakke ba yatsunsa suka saki, muciyar ta kwanta cikin tuwon. Jama'a suka yi ta dariya da tafi, ban da tsohon. Shi hannun Abba yake kallo, yadda yake rawa shi kaɗai.

Abba ya cusa hannun a aljihu, ya sunkuyo daidai kunnena.

"Kar ki faɗa wa Ummanki, kin ji ko? It's nothing."

Na gyaɗa kai ina ƙunshe dariya. Na zaci kunya yake ji kar a ji a gida cewa babban likita ya tuƙa tuwo.

Yau ni nake ba shi tuwo a baki. Kuma duk sanda na ɗauki muciya, hannuna nake fara dubawa.