Mafarauci da Buhun Abincin Kare

Ga wani misali da nake ba duk wanda ya kama sabon aiki yana ganin ya riga ya iya. Wani dattijo ya yi shekara talatin yana farauta da karnuka, sai ƙafa ta gaza, ya shigo birni ya samu gadi a gidan wata ma'aikaciyar banki. A gidan akwai wani ƙaramin farin kare mai gashi buya-buya. Da uwar gida za ta yi tafiyar sati biyu da 'ya'yanta, ta danƙa masa buhu mai hoton kare da ɗan kofin awo, ta ce kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Dattijon ya buɗe buhun, ya ga ƙwayoyi kamar kashin awaki. Ya shinshina, ya ɗanɗana ɗaya, ya kasa gane ko hatsi ne ko nama. Shi dai a saninsa kare ƙanzo yake ci da ƙashi, kuma karen da ya ƙoshi ba ya haushi. Sai ya ɗaure bakin buhun, ya ƙudura zai mayar wa matar nan karenta ya zama kare. Ya ɗaure shi a bakin ƙofa cikin rana, yana ba shi ragowar tuwonsa da ƙasusuwan kaza.

Kare bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Ya daina ci, ya kama amai, gashi ya cukurkuɗe. Ranar da suka dawo, dattijon ya tare su da buhun cike, yana jiran a yaba masa tattali. Yara suka wuce shi da gudu, suka rungumi karen suna kuka. Cikin ladabi ya ce, "Ranki ya daɗe, wai shi menene aikinsa a gidan nan?" Ta ce, "Baba, ba shi da aiki. Tare da yara yake kwana. Ai shi ma kai kake gadinsa." A yinin ta sallame shi, ba faɗa ba zagi. Yana naɗe tabarmarsa aka shigar da karen bayan mota za a kai shi wurin likita. Ya bi motar da kallo, har yanzu bai gano inda ya yi kuskure ba. Sanin karnukansa gaskiya ne, amma na daji ne. Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.