Kifin Bincike

Da duba-gari ya kaɗa hannu a kan tiren kifi, ƙudaje suka tashi kamar an watsa taro. Kifin dam ne soyayye, ya yi jawur, sai ƙamshi yake yi.

"Inna, wanga kihi cike yake da ƙwayoyin cuta," ya ce wa tsohuwar mai suya, yana haɗiye yawu. "Ido bai ganinsu."

"Ɗana, abin da ido bai gani, mi za ya yi ma ciki?"

Shekara tara ke nan yana wannan wa'azi a kasuwar Goronyo, amma cikin masu suya ba wadda ta taɓa rufe kayanta ko da faifai. Shi kansa, in gaskiya za a bi, a littafi kaɗai ya san ƙwayoyin. Ya zaɓi manyan kifaye uku, ya naɗe a takarda, ya ce zai kai ofis a bincika. Ofishin kuwa, kamar kullum, gindin wata tsamiya ne a hanyar gida, da ɗan ƙullin yaji.

Kwana biyu bayan haka yana kwance a asibiti, ledar ƙarin ruwa ta huɗu tana ɗiga, sai ga masu suya sun cika ɗakin, tsohuwar a gaba.

"Sannu, ɗana. Mun ji sakamakon bincike ya hito. Yanzu kam mun yarda. Kowa ta rufe kayanta, har ruwan wankin hannu munka aje."

Ta ajiye masa ƙunshi mai ɗumi kusa da matashi.

"Ga na yau. In ka miƙe, ka sake bincika muna."