Wa'adin Ƙarar Gidan Gado

"Hajiya, wa'adin shigar da ƙara ya wuce," in ji lauya ta waya daga Kano. "Wanda ya kimanta gidan gadonku da araha ya tsira."

Tana tsaye bakin wani shago a Sanyuanli, unguwar 'yan kasuwa can ƙasar waje inda take saro kaya. Cikin yayyafi take hango tsakar gidan da aka sayar, da inuwar durumi, kamar a mafarki. Shekaru ƙannenta na kiranta ta dawo ta jagoranci ƙarar, tana cewa kaya ba su haɗu ba.

"Alhamdulillahi, Barista," ta ce. "Gobe zan sayi tikiti."

Ɗanta na fari ne mai kimantawar. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta ambace shi gaban alƙali.