Tirelar Alhaji Mudi

"Abednego, ɗaure notin nan da kyau! Raguna ashirin za ta ɗauka gobe."

Alhaji Mudi ke nan, tsaye a kan bakanikensa. Shekara bakwai tsohuwar tirelar tana ajiye a bayan gidansa kusa da Kasuwar Ochanja, har kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Yanzu wani dillalin dabbobi ya ba shi jigilar ragunan Sallah, ya ce in ba ta fito gobe ba, wani zai ba.

Kwana uku ke nan Abednego yana zufa a kanta. Ya sa sabbin tayoyi, ya canja birki, ya sauke aksul ɗin da tsatsa ta cinye ya ɗaura sabo.

"Oga, yanzu ko Kano ne za ta je," in ji shi.

Suka turo ta har bakin lungu. Nan ta ƙi wucewa, bangon wani shago ya cinye rabin hanyar.

Alhaji ya daka tsawa. "Wane marar tunani ne ya yi gini a nan?"

Matarsa Tani ta leƙo daga shagon da mudun gari a hannu.

"Kai ne, Alhaji. Bara waccan ka gina min, ka ce ƙarfen nan ya mutu. Taɓa min bulo ɗaya ka gani."

Abednego ya yi ajiyar zuciya, ya sake ɗauko sifana.

"Mu kwance komai, Oga. Mu fitar da ita a karkace, mu ɗaura a titi."