Tattabarun Malam Iro

Ranar da Baba ya tashi Malam Iro daga gidanmu na haya a Ƙofar Durbi, mutumin ya kwashe har tsintsiya, amma ya bar tattabarunsa.

Baba ya ɗora mini su a kwando. "Kai masa Ƙofar Kwaya, inda ya koma. In na sake ganinsu, tukunya za su."

Na kai su, wuyana ya kusa shigewa cikina. Da la'asar na dawo, ashe sun riga ni. Suna shawagi bisa gidan, rana ta mayar da fukafukansu zinariya.

Baba ya daɗe yana kallon sama.

"Su ba su iya karanta notis ba," ya ce. "Ɗebo musu gero."

Har yau in na ji kaɗawar fiffike, sai na ɗaga kai.